Wata takwas ina bin ƙananan mawaƙan Kaduna da waya, ga inda na kai

Salam 'yan uwa masu koyo irina. Tun bayan babbar Sallah ban sake rubuta inda aka kwana ba, to yau dai ga shi. Wata takwas kenan da na fara bin ƙananan mawaƙan garin nan, waɗanda ba kamfani ba ubangida, su ke biyan kuɗin situdiyo da kansu kuma su ke bin mutane a WhatsApp suna roƙon a zo a ji su, ni kuma ina ɗaukar su bidiyo da wayata. Jiya na duba ɗan littafin da nake rubutawa, wasa 19 na je. Bidiyon da zan iya nuna wa mutum ban ce masa "yi haƙuri da sautin" ba guda shida ne, kuma biyar daga ciki a wata biyun nan na ɗauke su. Abin da ya canza ɗin nake so in faɗa muku.

Kafin nan, masu tambayata ta ina nake jin labarin wasa. Ba fosta ba talla a rediyo, yawanci a sitatus ne ko Instagram, wani lokaci ma ranar da za a yi. Dabarar da ta fi yi min aiki ita ce karɓar lambar masu kiɗan, ba ta mawaƙin kaɗai ba. Mai ganga ɗaya sai ka ga yana buga wa mutum huɗu, idan kana ganin sitatus ɗinsa ka gama sanin rabin abin da ake yi a sati. Kuma don Allah ku riƙa tsallaka gadar kogin Kaduna. Ni a Unguwar Sanusi na tashi, da farko ban wuce wuraren shan shayi da lambunan Malali da Unguwar Rimi, inda ake ba kowa mayik ya yi gambarar zamani ko waƙar baka a kan kiɗan da ya zo da shi a filasha, a tashi da wuri. Sai da na fara zuwa Barnawa da Narayi da Sabon Tasha na ga masu buga ganga da jita da fiyano da hannu, da yawansu a coci suka koya tun suna yara, suna rera Hausa su juya Turanci su koma yarensu a waƙa ɗaya. Kiɗan garin nan yana gefe biyu na kogi, wanda ya tsaya gefe ɗaya rabi ya ji. Sai dai ka shirya yadda za ka dawo tun kafin ka fita, keke yana wuya in dare ya yi.

To batun sauti. Wasannin farko gaba nake zuwa in tsaya dab da sifika saboda in samu fuskar mawaƙi, in na dawo gida in kunna sai in ji kamar ana yaga buhu, musamman in ganga ta shigo. Na ɗauka wayar ce ba ta da kyau. Ashe ɗan makirfon waya yana da iyakar ƙarar da yake ɗauka, in ta wuce sai ya yanke saman sautin, kuma abin da ya yanke ya tafi kenan, manhajar gyaran bidiyo irin su CapCut ko wani abu ba zai dawo da shi ba. Wani mai kula da sauti a Barnawa, dattijo mai haƙuri, shi ya gan ni ina fama ya ce "ƙanena zo ka tsaya nan kusa da ni, duk ɗakin nan ba inda ya fi nan daɗin ji, don da kunnena a nan nake gyara komai". Wlh maganar nan kaɗai ta gyara rabin matsalata. Yanzu in na shiga waje mikisa, wato na'urar da mai kula da sauti yake daidaita ƙarar komai da ita, nake fara nema da ido.

Daga baya na roƙe shi ya ba ni sauti kai tsaye daga mikisa. Ranar farko bai yi ba, don abin da ke fitowa daga mikisa ya fi ƙarfin ramin makirfon waya, kuma kebul ɗin da na saya a kasuwa mai zobe biyu ne a baki, waya mai zobe uku take so. Da na samo ɗan akwatin da ke shiga tsakani ya rage ƙarfin, sai wata matsalar ta fito wadda ban taɓa tunani ba: mikisa abin da aka sa wa mayik kaɗai yake ji. A ƙaramin ɗaki ba a sa wa ganga mayik don tana da ƙararta, to sai ka samu muryar mawaƙi tas kamar yana ɗakinka, amma ba ganga, ba tafi, ba ihun jama'a, waƙar ta bushe. Abin da nake yi yanzu, tsohuwar wayata tana kan mikisa tana naɗar murya, wadda ke hannuna tana ɗaukar hoto da sautin ɗaki, in na dawo in haɗa su, na mikisa a sama na ɗaki a ƙasa kaɗan. Wajen daidaita su kuwa ina neman bugun ganga ɗaya mai kaifi ko tafi ɗaya a farko in jera su a kai. Ku lura da wani abu, sauti yana tafiyar kusan mita 340 ne a sakan ɗaya, in ka tsaya mita 14 daga dandamali sautin ɗakin zai makara da kusan hoto ɗaya in kana ɗauka a hoto 25 cikin sakan. Ba yawa amma in ka haɗa biyun ba ka matsar ba za ka ji muryar tana ninkuwa.

Hoto 25 ɗin nan ma da dalili. Bidiyoyina na da duk suna da wasu layuka masu yawo a kan fitilu. Wutarmu a Nijeriya tana juyawa sau 50 ne a sakan, wayoyi kuma yawanci a 30 ko 60 suke zuwa, irin na Amurka inda wuta take 60. Na sauke manhajar kyamara mai suna Open Camera, kyauta ce a Android, na mai da shi 25, layukan suka ragu sosai. In janareto ne mai tangal-tangal dai sai haƙuri.

Amma bidiyon da na fi so cikin shidan nan ba mikisa ba kebul. Wani wasa ne a wani lambu, wani yaro mai gambara ya gayyato wani tsoho mai gurmi su yi waƙa ɗaya tare. Ana cikin yi aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, mutane suka fara miƙewa. Tsohon nan bai tsaya ba, ya ci gaba da kaɗa gurminsa cikin duhu, sai aka haska shi da fitilun waya, kowa ya yi tsit don in ka yi magana ba za ka ji ba. Na matsa na durƙusa na ce "Baba, in ɗauka?" Ya ce "ɗauki ɗana, amma matso, abin nan ba ya ihu". Tsirkiya biyu ce kawai a jikin ɗan ƙoƙo da fata, amma a tazarar kamu uku wayar ta kama har ƙarar yatsansa a kan tsirkiya da numfashin yaron kafin ya shiga baiti. Yaron kuma da ya ga ba mayik sai ya sauke murya, kalmominsa suka fito ɗaya bayan ɗaya, a ranar na fara jin me yake faɗa duk da na je wasansa sau uku, ashe waƙar a kan babansa ce da ya yi aiki a masaƙar Kakuri har aka rufe ta. Minti bakwai. Na kalle shi ya fi sau talatin kuma har yanzu in ya kai wajen da jama'a suka fara amshi a hankali sai tsigar jikina ta tashi.

Tun daren nan nake tunanin wani abu. Yau muna jin su Shata da Ɗan Maraya Jos ne saboda akwai waɗanda suka kafa na'ura a gabansu, Rediyon Kaduna da aka buɗe tun 1962 ya naɗi makaɗa ba adadi. Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya 2015, amma muryarsu tana nan. Yaran nan fa? Cikin waɗanda na ɗauka akwai biyu da suka riga suka bar waƙa, ɗaya ya tafi Abuja aiki ɗaya ya koma shagon yayansa, kuma waƙoƙin da suka yi a gabana ba su taɓa shiga situdiyo ba. Ba kowa ne zai kai inda DJ AB ya kai ba, amma wanda bai kai ba shi ma ya yi waƙa. Shi ya sa na daina goge ko da marasa kyan, na sayi memori daban, kowane fayil da ranar da unguwar da sunan mawaƙin.

Akwai kuskuren da na yi da ba na so ku maimaita. Na ɗora wata waƙa a TikTok da dare ban tambaya ba, ina ganin taimako nake yi. Da safe mai waƙar ta kira ni ranta a ɓace, ashe ba ta fitar da ita ba, ta gwada ne kawai ta ga yadda za a karɓa, kuma tana tsoron wani ya ɗauki amshin ya riga ta shiga situdiyo. Na sauke, na ba ta haƙuri, ta haƙura amma abin ya daɗe yana damuna don gaskiyarta ne. Waƙar tata ce, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ma ta ba mai wasa iko a kan naɗar wasansa da yaɗa shi. Yanzu kafin a fara nake zuwa in gaisa in tambaya, bayan na gyara in tura wa mai ita ta fara gani, kuma a matsayin dokumen nake turawa a WhatsApp don in ka tura kai tsaye yana matse shi ya lalata aikin. Fuskokin 'yan kallo ma na daina juya kyamara kansu, musamman mata, wata ta zo jin waƙa ne kawai ba ta zo a gan ta a intanet ba.

Kunne kuma. Akwai daren da na kwana kunnena yana ƙara har washegari da azahar. Masana suna cewa ƙarar da ta kai desibel 100 bai kamata ka wuce kamar minti 15 a cikinta ba, gaban sifika kuwa yana kaiwa haka cikin sauƙi. Na sayi ɗan toshin kunne na roba a kemis, yana aljihuna kullum.

Abin da ya rage min yanzu hannu ne da iska. Bayan minti biyar hannuna yana fara rawa, ina gwada manna gwiwar hannu a ciki da jingina da bango, ya ɗan rage amma bai tafi ba, ƙafar kyamara kuma tana tare wa mutane hanya a ƙaramin waje. Ga hunturu yana tahowa, wasannin Disamba yawanci a fili ake yi, iska tana bugun makirfo tana ba da wani gurnani. Na yanko soso na ɗaura a bakin makirfon da roba, ranar Asabar zan gwada a Narayi. Duk wanda ya taɓa gwada soson nan ko yake da wata dabara ya faɗa min kafin ranar, kuma in akwai mai zuwa ya zo da fawa banki, tawa ta fara kumbura.