Golf a Gonar Baffa

Asabar, tsakiyar hunturu.

Hazo bai gama ɗagawa ba Malam ya tara mu a bayan filin ƙwallon ƙafa na makaranta, kowa hannu a aljihu, leɓe a bushe. A wannan zangon karatu, mu 'yan sashen ilimin motsa jiki da lafiya, golf ne ya faɗo a kanmu, wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ajin ya cika, sandunan sashen kuwa ba su taka kara sun karya ba, don haka karɓa-karɓa ake yi.

Bai bari kowa ya taɓa sanda ba sai da ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa. Ya ce duk wanda ba shi ke bugu ba ya koma bayan layin nan, kada ya tsaya a gaban mai bugu, kada kuma ya matso inda sanda za ta kai idan an kaɗa ta. Sannan ya miƙa ƙwallon ya zagaya hannuwanmu. 'Yar mitsitsiya ce, doka ta ce kada nauyinta ya wuce giram 45.93, kada faɗinta ya gaza milimita 42.67, amma ga tauri, kuma idan gwani ya narka mata babbar sanda gudunta ya kan haura kilomita 200 a awa. Shi ya sa abin da ya fara koya mana shi ne ihu. Idan ƙwallonka ta kauce ta nufi mutane, ka buɗe murya ka ce "Fo!" Wanda ya ji kuma kada ya ɗaga kai yana neman inda take, ya sunkuya ya rufe kansa da hannu. Ya sa muka yi ta maimaitawa har masu shara suka tsaya kallonmu.

Daga nan riƙo. Ga mai amfani da dama, hannun hagu ne a sama, sandar ta kwanta a yatsu ba a tsakiyar tafi ba, ƙaramin yatsan dama ya hau kan manunin hagu, kuma ba a matsewa. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa ta ɗan saki, a ranƙwafa daga ƙugu, baya a miƙe. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, ƙarfin dantse ba ma neman aro, sai ga shi ƙarfin ne ke ɓata mana bugu. Kowa so yake ya kwaso ƙwallon daga ƙasa ya cilla ta sama. Malam ya nuna mana fuskar sandar ƙarfe mai lamba 7, ya ce ku duba yadda ta kwanta baya, ita za ta ɗaga ƙwallon, aikinku ku sauko a kanta, ƙwallo tukuna sannan ƙasa. Da na sassauta hannu na bar ƙugu ya juya, sai na ji wani ɗan ƙas mai tsabta, ƙwallon ta tashi ta yi baka ta sauka can wajen darbejiya. Har yanzu da nake rubutu ina jin daɗin wannan bugu a tafina.

Muna hutawa ya ɗan taɓo tarihi, kuma a nan ne ya faɗi maganar da ta sauya mini ranar. Wasan ya girma ne a ƙasar Sikotilan. A shekarar 1457 majalisar Sarki Jemis na 2 ta haramta shi saboda yana hana samari koyon harbin baka, a 1744 kuma aka rubuta dokokinsa na farko guda 13 a Lis, kusa da birnin Edinbara. Filayen da suke bugawa, in ji Malam, jigawa ce ta bakin teku, yashi da ciyawa mai tauri, ƙasar da ba ta nomuwa sai dai kiwon tumaki. Ni dai ina jin an ce jigawa da kiwo, hankalina ya tafi gida. Ana tashi na bi shi na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni aron sanda in je da ita ƙauye, gwaji na nan ranar Litinin." Ya dube ni jim, ya sa na sa hannu a littafin kaya, ya ba ni mai lamba 7 da sandar gangarawa, wadda ake tura ƙwallo cikin rami da ita, da tsofaffin ƙwallaye, ya ce in ɗaya ta karye in san abin da zan faɗa wa shugaban sashe.

Motar kasuwa, sannan ɗan acaba. Na iso garinmu a ƙasar Jahun ana kiran azahar.

Bayan la'asar na je na gai da Baffa na nemi izinin shiga gonarsa ta bayan gari. An gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, harawa na rataye a rassan bishiyoyi, gawo ya yi ganye shar kamar yadda ya saba idan kowa ya bushe. Baffa ya ce in je, zai biyo ni ya ga wannan karatu da ake yi da sanda. Kafin in kai gonar Auta ya riga ya baza labari, yara sun fi ƙarfin sanduna biyu.

Muka haƙa ramuka uku nesa da juna. Faɗin ramin golf santimita 10.8 ne, babban gwangwanin tumatir ya kusa haka, shi muka binne. Karan dawa da tsumma suka zama tuta. Muka share kewayen kowane rami da tsintsiya, muka ja katako a kai ya lafe. Na gaya musu cewa cikakken fili ramuka 18 ne, kowane rami da adadin bugun da aka yanka masa, 3 ko 4 ko 5 gwargwadon nisansa, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Ɗan wasa yana iya ɗaukar sanduna har 14, ba ya wucewa. Wannan duk bai ba su wuya ba.

Shiru ne ya ba su wuya. Yaran da suka tashi a ƙwallon ƙafa, inda ihu da tsokana rabin wasa ne, aka ce musu idan mutum ya tsaya a kan ƙwallonsa ba magana, ba motsi, ba tari da gangan. Da farko sai wani ya ƙyalƙyale, sauran su bi. Na ce wanda ya yi magana ya koma ƙarshen layi. Ba a jima ba suka fara tsawatar wa junansu da ido. Ban taɓa ganin yaran unguwarmu tsaye cirko-cirko suna jiran ɗan ƙaraminsu ya gama abin da yake yi ba sai yau, kuma yaron da kansa na ga kafaɗarsa ta miƙe da ya lura shi ake saurare. A ganina ko wannan kaɗai ya isa a kai wasan makarantun firamare.

Gonar kuwa ta koya mana doka fiye da allon aji. Ƙwallon Auta ta faɗa cikin ƙarangiya, ya kai ƙafa zai turo ta. Na ce a'a, inda ta kwanta nan ake buga ta. In ba ta buguwa, ka yarda a ƙara maka bugu ɗaya, ka auna tsawon sanda biyu daga wurin ba tare da ka matsa kusa da rami ba, ka saki ƙwallon daga daidai gwiwa. Da daga kafaɗa ake saki, a 2019 aka mai da shi gwiwa. Ta ɗan Yaya ta gangara ramin gafiya, shi kuwa doka ta tausaya masa: ramin da dabba ta haƙa ana fitar da ƙwallo daga ciki kyauta. Auta ya ce wannan son kai ne. Na ce ba ni na rubuta ba. Tsakuwa, busasshen ganye da kashin awaki duk ana iya kawar da su daga gefen ƙwallo, amma in ta motsa garin haka, bugu ɗaya ya hau kanka, ka mai da ita inda take. Wadda ta ɓata a cikin tarin kara muka duba agogon waya, minti 3 doka ta bayar, da can 5 ne. Ba ta fito ba, mai ita ya koma inda ya bugo da ƙarin bugu ɗaya. Wanda kuma ya kai wa ƙwallo sara da niyya ya sami iska, an ƙirga masa. Wannan ita ce dokar da ta fi ɓata musu rai.

Muna rami na biyu Baffa ya iso, hannu a baya, ya tsaya gindin gawo. Ya daɗe yana kallo kafin ya yi magana.

"Kai ɗan nan, ina alƙalin wasan?"

"Babu, Baffa. Kowa shi ke ƙirga nasa."

"In ya rage fa?"

Na yi masa bayanin yadda ake yi a gasa: abokin wasanka ne ke rubuta maka a kati, idan an gama ka duba ka sa hannu. Wanda ya sa hannu a kan adadin da bai kai abin da ya buga a wani rami ba, an kore shi daga gasar.

"Wanda ya sa hannu a kan fiye da abin da ya buga fa?"

"Sai a bar masa abinsa."

Baffa ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce lallai waɗanda suka tsara wannan sun san ɗan Adam. Ya karɓi sandar yana jujjuyawa, ya ce su ma da ƙuruciya sun yi ƙwallon gora da ƙodagon goruba, sai dai nasu gudu ne da turereniya, ƙwauri kan sha duka. Na gyara masa riƙo. Ya tattare babbar riga a kafaɗa, yara suka yi tsit ba wanda ya ce su yi, ya kaɗa a hankali. Ƙwallon ba ta yi sama sosai ba amma ta tafi sak.

Sai ya tambayi inda manya ke yin nasu. Na ce akwai fili a Kano, akwai na IBB a Abuja, mu ma nan Jigawa akwai wanda marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi ya kafa a Dutse, Allah Ya jiƙansa, shi da ya rasu a watan Janairun 2023. Malam ya yi alkawarin kai mu can kafin a rufe zango. Na nuna masa hoton wani fili na ƙasar waje a waya, ciyawa lumbu-lumbu. Bai yaba ba. Ya ce, "Da rani ma haka take? Wane ruwa take sha?"

Tambayar ta zauna mini. Baffa na da gaskiya, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. A garin da yara ke bin layin famfo tun asuba, shayar da eka bisa eka na ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba abu ne mai nauyi a zuciya. Ga kuɗin sanduna, ga kuɗin shiga kulob. Masu cewa wasan masu hannu da shuni ne ba ƙage suka yi ba. Abin da na iya gaya masa shi ne a ƙasashe masu ƙarancin ruwa akan daddaɓe yashi a kewayen rami a madadin ciyawa, kuma ga mu nan a gonarsa ba mu zuba ko moɗa guda ba.

Rana ta yi ja, ya ce to a ciro gwangwanayen nan a cike ramukan, gobe Fulani za su shigo da shanu su ci kara su bar masa taki, ba ya son saniya ta gurɗe a gonarsa. Na ce ai hakan ma yana cikin ladubban wasan. Wanda sandarsa ta ɓanɓaro ƙasa ya mai da ita ya taka, wanda ya shiga ramin yashi ya share sawunsa kafin ya fita, wanda ƙwallonsa ta lotsa wuri kusa da rami ya gyara. Yaran suka bi gonar suna cikewa da ƙafa.

Bayan isha'i ƙanwata ta tare ni a tsakar gida, fuska a ɗaure. Ta ji labari wurin Auta, ita ba a kira ta ba. Na ce a ajinmu akwai mata, kuma da wasan ya koma gasar Olamfik a 2016 maza da mata duk sun buga. Inna na jin mu daga bakin murhu, ta ce, "Kai wannan, gona dai ba za ta bi ku ba. In a nan ne, ga fili." Muka kwantar da kofin roba a jikin bango, na haska fitilar waya. Na nuna mata yadda ake yi da sandar gangarawa: wuyan hannu ba ya lanƙwasa, kafaɗu ne ke lilo, ido a kan ƙwallo har sai ta tafi. Na ce kuma ba a taka hanyar da ƙwallon wani za ta bi, ba a bari inuwarka ta faɗa a kai. Auta ya gitta, ta kore shi tun kafin in buɗe baki. Hannunta a natse yake, ba ta gaggawa, ta kan durƙusa ta duba inda daɓen ya karkata sannan ta buga. Ta fi duk waɗanda suka je gona yau, ta fi da yawa a cikin 'yan ajinmu.

Gobe da hantsi zan koma, in sake bin dokokin farar alama ta iyakar fili da ja da rawaya na wuraren ruwa, don Malam na son tambaya a kansu. Litinin bayan gwaji zan roƙe shi ya bar mini sandar gangarawa har ƙarshen hutu. In bai yarda ba, akwai maƙeri a bakin kasuwa. Na auna tsawonta da faɗin kanta na rubuta a bayan littafi.