Ga masu shigowa aikin hular haƙori ta tangaran

Ƙannena masu koyon haɗa haƙori a nan Kaduna, zirkoniya da e.max, kayan tangaran biyu da ake yin hular haƙori da su, duk farare ne a ido, amma kowanne da irin aikin da yake so. E.max asalinsa gilashi ne. Ana shafa wa cikin hularsa asid ɗin haidirofulorik mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari na daƙiƙa 20, a wanke, a sa silen, sinadarin da ke haɗa gilashi da siminti, sannan siminti ya kama. Ni kuwa na daɗe ina yi wa zirkoniya haka nan, alhali babu gilashi a jikinta, asid ba ya samun abin ci. Huluna suka riƙa fita daga bakin mutane, likita na kirana, ni kuma ina ɗora wa siminti laifi. Abin da zirkoniya take so shi ne feshin garin alumina mai laushi, wajen maikiron 50, da iska marar ƙarfi, a bi da firaima, wato ruwan shafawa kafin siminti, mai sinadarin MDP.

Tanderu ma ya koya mini hankali. Zirkoniya ana gasa ta a wajen digiri 1,500, tana motsewa da kusan kashi 20 cikin ɗari, shi ya sa inji ke sassaƙa ta da girma. In ka ɗora mata tangaran a sama, kada ka yi saurin buɗe murfi don ana jiranka. Ba ta sakin zafi da wuri. Waje ya huce, ciki na nan da zafi, sai tangaran ya ɗauki tsaga da ido ba ya gani, ya ɓalle bayan watanni a kan ƙashin balangu. Kuma kada ka kunna tanderu sai ka duba man janareta, domin in aka ɗauke wuta a tsakiyar gashi, aikin nan ba abin amincewa ba ne. Da hunturu, rufe kwanon garin tangaran ɗinka. Ƙurar da ta faɗa ciki za ta fito baƙin ɗigo bayan gashi.

Sai launi. Wani dattijo daga Tudun Wada ya ce fari tas yake so, na ba shi A1, launi mai haske sosai a ma'aunin launin haƙori, alhali sauran haƙoransa goro ya rine su. Hular ta fito zakka a bakinsa, dole na sake ta da kuɗina. Yanzu nakan gwada launi tun kafin likita ya fara sassaƙa haƙorin, kusa da taga da rana, haƙori na jiƙe, domin da zarar ya bushe sai ya yi hasken da ba nasa ba.