Na je neman sola, aka tambaye ni ta ina rana take faɗuwa

Wata uku kenan muna ta fama da zanen gidan da za mu gina ni da maman yara. Ranar farko da na je wajen akitet ɗin abu ɗaya ne a kaina, nace masa Injiniya a cika min rufin nan da sola, batir mai kyau, inbata babba, esi a kowane ɗaki. Sai ya yi dariya yace "Yallaɓai tukunna dai, ta ina rana take faɗuwa a filin naka?" Wallahi sai da na tsaya tunani, ni da na fi shekara ina zuwa filin.

Ashe nan maganar take. Ranar safe da ta yamma a kwance suke shigowa ta taga, kuma bangon yamma shi ke shanye zafin la'asar ya riƙe abinsa, sai dare ya yi kana neman barci ya fara sako maka shi. Shi ya sa ya juya gidan, dogayen bangwayen suka kalli kudu da arewa, manyan tagogin ma can, tunda ta wajen rana tana sama ne, rufi ya ɗan fito waje kawai ya isa ya tare ta. Yamma kuwa ya tura sito da banɗaki da gareji, yace su sha ranar, ai ba sa ƙorafi.

Baranda ce muka fi yin rigima a kai. Madam tana so babba, ni ina ganin ado ne kawai da cin fili, sai gashi ita ce ke yi wa bangon falo inuwa gaba ɗaya, ƙofar falo ta buɗe cikinta, taga na kallon taga iska ta ratsa ta wuce, da wasu ƙanana can sama kusa da silin saboda iska mai zafi sama take tashi. Har yanzu tana min gori. Ya kuma hana mu zuba siminti ko intalok a tsakar gida duka, yace zafi suke ajiyewa, a bar ciyawa inda yara za su yi wasa a dasa bishiyoyi ta yamma, nesa kaɗan da fandisho saboda saiwa.

Da na koma gida na yi ɗan karatu na ga ba sabon abu ba ne. Tun 1991 aka gina gidan Passivhaus na farko, wato gidan da aka tsara ya riƙe ɗuminsa ko sanyinsa ba tare da cin wuta sosai ba, a Darmstadt ta Jamus, su sanyi ne damuwarsu amma dabarar ɗaya ce, kamar fulas, ka toshe rufi da bango da kyau abin ciki ya zauna ciki. Hukumar makamashi ta duniya ma a 2018 tace esi da fanka suna cin kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar duniya.

Sauran kam ba wuya, kwano mai farin launi, abin tare zafi a ƙarƙashinsa, ƙwan LED ko'ina. Da aka sake lissafi esi biyu kawai suka rage a zanen, solar ma ta ragu sosai.

Yanzu rigimar da ta rage ita ce ɗan kicin ɗin waje, ita tana so kusa da baranda, Injiniya yace iska za ta dawo da hayaƙin falo, ni dai na yi shiru.