Alhamdu lillahi, an sallamo Abban yara

Jiya bayan la'asar muka shigo gida da shi, bayan kwana 41 a asibiti. Ƙafafuna har yanzu a kumbure suke, ba zan iya bin ku gida gida ba, ku karɓi wannan a matsayin bangajiya.

Kun san farkon zancen. Takmim aka yi masa a nan Jidda, aikin nan na yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi saboda ƙiba da sukari. Ɗinkin ya yi yoyo ta sama, daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi, suka zura kyamara ta baki suka kafa bututu mai raga ya rufe wurin. Muna ta hamdala, ashe bakin bututun ne ke gogar naman ciki har ya ci jijiya.

Daren da ya yi aman jini ni ce riƙe da kwanon. Na ga guda-guda kamar hanta, na ga leɓensa ya yi fari fat, ya kama gefen hijabina yana cewa, "Maman Abba, ga yara nan." Wallahi bakina ya kasa ko Innalillahi. Leda 6 aka ƙara masa kafin asuba, aka sake shiga da kyamara aka ɗaure jijiyar.

Baba mai shayi na bakin layinmu, na san ba ka son a faɗa, amma sai na faɗa. Da ka ji ana neman masu ba da jini ka kashe wuta da tukunya cike, ka cika mota da samarin unguwa. Da aka ce shekarunka sun wuce, ka zauna a ƙofa kana jan carbi har gari ya waye. Allah ya biya ka da Aljanna Firdausi, ya jiƙan mahaifanka, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka. Maƙwabciyata 'yar Sudan da ta riƙe min yara, har da kitso, Allah ya suturta ki duniya da lahira.

'Yan uwa na Makka, mun ga saƙonninku a WhatsApp. Mun gode. Hanyar dai awa ɗaya ce.

Masu shirin kawo tuwo da dambu ku ɗan dakata, likita ya ce ruwa-ruwa kawai, kurɓi kaɗan kaɗan, sai an sake duba shi. Romo marar yaji ko kunu tsararo, wannan muna so.