Wata guda a motar tafi-da-gidanka a hamadar Arizona

Yaron da ya miƙa mana mukullin motar a Phoenix bai ɓata lokaci kan sitiyari da birki ba, amma da aka zo sha'anin ban ɗaki sai ya zama malami. Ya durƙusa a gefen motar, ya buɗe wata 'yar ƙofa, ya nuna mana hannuwa biyu da ake ja: baƙi na tankin bayan gida, mai ruwan toka na ruwan wanka da wanke-wanke. Baƙin ake fara ja, in ya gama zuba sai a ja ɗayan, don ruwan sabulu ya ɗauraye tiyon. Ya miƙo mini safar hannu ta roba. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, tun yanzu a sani, wannan aikin naka ne." Ban yi gardama ba, tunda ni na kawo shawarar.

Mun daɗe muna zaune a jihar Minnesota da ke arewacin Amurka, inda a watan Janairu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Yara sun tafi jami'a, gwiwoyin uwargida kuma ba sa shiri da ƙanƙara. Dattawan Turawan da na sani a wurin aiki, da hunturu ya kama sai su gudu kudu, su dawo cikin Afrilu fuska a ƙone suna ba da labarin Arizona. Na tara hutuna, muka hau jirgi, muka yi hayar irin motar da suke kira RV.

Tsawonta ƙafa 25. Gaba kan babbar mota ne, baya kuma ɗaki: gado a ƙurya, wani gadon a saman kan direba, tebur da benci biyu, murhun gas, firij, da wurin wanka wanda in ka buɗe hannu sai ka daki bango ta ko'ina. Lasisin ƙaramar mota ya isa a ba ka ita, abin da har yau yake ba ni mamaki. Kuɗin da ake tallatawa na kwana ne kawai. Sai ka zauna sa hannu ake jero maka sauran: kowane mil da kuɗinsa, janareto da awa ake lissafa shi, tukwane haya daban, zanin gado da bargo haya daban, ga inshora, ga kuɗin ajiya da za a riƙe a katinka. Uwargida ta ƙi hayar tukwane, ta ce ba ta san me aka dafa a ciki ba, ta sayi nata a shagon gwanjo. Buta kuwa da ita muka zo a jaka.

Daga Phoenix zuwa Tucson kilomita 180 ne da 'yan kai a babbar hanya mai lamba 10. Duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta turo mu gefe, cokula suna kaɗawa a baya, uwargida tana salati. Galan ɗaya na fetur da ƙyar yake kai mu mil goma. A gundumar Pinal muka ratsa gonakin auduga, wasu an nome, wasu da yawa an bar su fayau, iska na ɗibar ƙurarsu.

Samun wurin ajiye motar ya fi tuƙa ta wuya. Da yawa daga cikin filayen da aka tanada don irin waɗannan motoci ba sa karɓar wanda bai kai shekara 55 ba. Nawa shekarun ba su kai ba, ita kuma ba ta yarda a tambayi nata ba. Muka samu wani a kudancin gari, ba nisa da sansanin sojan sama na Davis-Monthan, inda aka jibge dubban tsofaffin jiragen yaƙi a fili saboda busasshiyar iskar wurin ba ta sa ƙarfe tsatsa da wuri. Filin tsakuwa ne, motoci a jere gefe da gefe, kowace da sandarta mai wuta da famfo da ramin zubar da ƙazanta. In ka biya na wata ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan na kwana-kwana, sai dai wuta mita za ta ƙirga maka.

Maƙwabtanmu na gaba 'yan fansho ne daga Kanada da jihohin arewa, wasu da motoci girman doguwar bas, suna jan ƙaramar mota a baya. Da yamma su fito da kujeru, su kunna fitilu masu launi, su yi ta hirar farashin mai da na asibiti. Mutanen kirki ne, kowa ya wuce sai ya ɗaga hannu. Amma can layin baya akwai waɗanda ba hutu suka zo ba. Tayoyin motocinsu sun sace tuntuni, an kewaye ƙasan da katako, da sassafe yara su fito da jakar makaranta, uban ya fita da rigar aiki. Kuɗin hayar gida ne ya koro su nan. Abin da mu muke biya don nishaɗi shi ne rufin asirinsu, kuma ban ga na gaba da na baya suna zama wuri ɗaya ba.

Gaskiya wannan zaman shi ne mafi ƙarancin daɗi a tafiyar. Kana jin tarin maƙwabcinka, jirgin ƙasa yana tashinka da dare, ga wata wahala da ba a faɗa a talla: wanda ba shi da ƙaramar mota, ko albasa zai saya sai ya cire wuta, ya naɗe tiyo, ya kulle kabad-kabad, ya tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa kasuwa. Ranar Juma'a haka muka kai gidanmu masallacin da ke kusa da Jami'ar Arizona, muka yi ta zagaye a titunan ɗalibai muna neman inda zai shiga, har aka fara huɗuba. Daga nan muka koma shiga bas. Wajen abinci kuma sai da tambaya. Garin yana alfahari da girkinsa, UNESCO ma ta karrama shi a kan haka a 2015, amma waken da gurasar alkamar 'yan Meziko sau da yawa da kitsen alade ake yin su. Murhun motar ya cece mu.

Tafiyar ta fara yin armashi ne da muka koma yammacin gari, bayan duwatsu, sansanin masu yawon buɗe ido na Gilbert Ray. Gajeriyar hanyar, wadda ta bi ta Gates Pass, an hana manyan motoci, sai muka zagaya ta kudu. A nan akwai wuta amma babu famfo a kowane fili, babu wurin wanka. Abin da ke tankinka, kimanin lita 150, shi ne arzikinka. Turawa sun iya ragewa: faranti na takarda, takarda a ban ɗaki, wanka sai an bushi iska. Mu kuwa ga tsarki, ga alwala sau biyar mutum biyu, ga tukunyar tuwo da sai an jiƙa ta. Wanda ya tashi a gidan da ake sayen ruwan garuwa ya san wannan lissafin, kuma nan da nan uwargida ta tuno da shi. Ta rufe shawa, ta fito da bokiti da moɗa, ruwan wankin shinkafa ya koma na ɗauraye kwano. Wata tsohuwa daga Alberta ta Kanada ta ga yadda muka daɗe ba mu je ɗibar ruwa ba, ta zo tana tambayar dabara.

Daga kan tudu, in ka dubi yamma wajen kwarin Avra, za ka hango wasu tafkuna masu kusurwa huɗu suna ƙyalli a tsakiyar hamada. Ruwan Tucson ke nan. Ruwan saman da garin ke samu a shekara bai cika kai milimita 300 ba, kogin Santa Cruz da aka kafa garin a bakinsa kuma rijiyoyin burtsatse sun shanye shi, mafi yawan shekara rairayi ne. Mutum sama da rabin miliyan suna shan ruwan kogin Colorado ne, wanda ake korowa ta wata magudanar siminti mai tsawon kilomita 540 daga tafkin Havasu, injuna suna tura shi sama kusan mita 900 a hanya. Da aka fara sa shi kai tsaye a famfo a 1992, ya ci tsofaffin bututu, ya riƙa fitowa ja, mutane suka yi bore. Shi ya sa yanzu ake zuba shi a waɗancan tafkuna ya nitse ƙasa, ya gauraya da na ƙarƙashi, sannan a zuƙo. A 2021 gwamnatin tarayya ta bayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko, aka yanke wa Arizona kaso, kuma manoman Pinal ne suka fi shan duka. Gonakin da muka gani fayau ke nan. Duk da haka filayen wasan golf kore shar suke, ko da yake an ce mini da yawansu ruwan da aka tace daga magudanar gari suke sha.

Hamadar nan ba irin ta rairayi ba ce. Dutse ne da tsakuwa da ƙaya, kuma sarkin wurin shi ne saguaro, wani itace marar ganye, kore, a miƙe sambal, ya fi gidan bene ɗaya tsawo. Sai ya shekara 50 ko fiye kafin ya fitar da reshe na farko, yana kuma iya wuce shekara 150. Cikinsa ruwa yake ajiyewa, jikinsa yana buɗewa in an yi sama, ya tsuke in an yi fari. Akwai wata ƙaya kuma da ake kira cholla, wadda ko gogarta ka yi sai guntunta ya maƙale maka, masu yawo da matajin kai suke cire ta. Da magariba muka ga kowa a sansanin yana buɗe bonet, wasu har da sa fitila a ƙarƙashin inji. Ashe wasu manyan ɓeraye ne ke shiga su yi sheƙa su cinye waya. Muka bi sahu. Da rana riga ɗaya ta isa, da dare sai sanyi ya sauko har ruwa ya daskare a tiyon maƙwabci, diloli suna kuka a bayan tudu. Tun 1972 garin Tucson ya sa dokar rage hasken fitilu saboda masu nazarin taurari a dutsen Kitt Peak, don haka sama cike take. Alƙibla a nan arewa ce ta ɗan karkata gabas, kuma tsakanin tebur da firij mutum ɗaya ne ke iya sujada, sai muka mayar da sallarmu waje a kan tabarma, da bargo a kafaɗa.

Ƙarshen Janairu muka yi yamma zuwa Quartzsite, garin da mazaunansa ba su kai 3,000 ba amma da hunturu dubban motoci ke bazuwa a dajinsa. Ƙasar gwamnatin tarayya ce, akwai wuraren da ake kwana 14 kyauta. Kyautar ta tsaya a ƙasa: ruwa na sayarwa ne, zubar da ƙazanta na kuɗi ne, ko'ina layi. Abin da ya kai ni dai kabari ne. A 1855 majalisar Amurka ta ware dala 30,000 don a sayo raƙuma a gwada su a aikin soja, aka ɗauko su da masu kiwonsu daga ƙasashen daular Usmaniyya. Cikinsu akwai Hajji Ali, wanda sojoji suka mayar da sunansa Hi Jolly. Ya ja raƙuma a ayarin da ya auna hanya ta arewacin Arizona a 1857. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, aka watsar da shirin, aka yi gwanjon wasu raƙuman, wasu suka shiga daji. Shi ya zauna yana haƙar ma'adinai da dakon kaya har ya rasu a nan a 1902. A 1935 aka gina masa dala ta duwatsu da raƙumin ƙarfe a sama. Masu yawon buɗe ido suna ta hoto. Muka tsaya gefe muka yi masa addu'a.

Muka koma Tucson daidai lokacin kasuwar duwatsu masu daraja, wadda ta faro a 1955 ta zama abin da ke cika otal-otal da tantuna na makonni. A sashen da ake kira African Art Village ina duba wasu tsakiya sai na ji a bayana ana cewa, "Kai, bar shi, ba mai saye ba ne." Na juya na yi sallama. Mutumin ya riƙe baki, sannan muka fashe da dariya. Bakano ne mazaunin New York, kowace shekara yake tuƙo kaya tun daga can. Kusa da shi wani ɗan Agadas yana sayar da azurfa, wani kuma yana da duwatsun Nasarawa da na Mambila a ƙunshe cikin takarda. Da suka ji uwargida tana da kuka da daddawa, ba sai an yi gayyata sau biyu ba.

Bayan an ci tuwo Bakanon ya tashi yana zagaya motar, yana ƙwanƙwasa bango, yana leƙa ƙarƙashin gado.

"Malam, nawa ta tsaya maka gaba ɗaya?"

Na lissafa masa haya, da mil, da mai, da gas, da kuɗin fili. Ya yi shiru yana taɓa yatsu.

"Ai wannan ya fi kuɗin ɗaki da ƙaramar mota."

"Ya fi, Alhaji. Sai dai ɗaki ba ya kwana a bayan duwatsu."

"To kaya fa? Ina zan sa kwali arba'in?"

Na nuna masa gadon saman direba. Ya auna shi da hannu, ya girgiza kai, ya ce su huɗu suke raba ɗaki ɗaya a otal, kuma haka za su ci gaba. Ɗan Agadas ɗin dai ya karɓi takardar hayar ya ɗauki hotonta da waya, ya tambaye ni ko kuɗin mil ɗin ana ragewa in mutum ya yi ciniki.