Yadda muka samo wa laburarenmu wutar sola

Shekarar da aka zaɓe ni wakilin ɗalibai a tsangayarmu, ba abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya irin ɗauke wuta. Duk mai zama a arewacin Kamaru ya sani, da bazara ta kama ruwan Lagdo ya ja baya to sai haƙuri, dan madatsar nan da ke samar mana da wuta tun 1982 take, megawat 72 ce, kuma ita ta daɗe tana riƙe da yankunan Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, ga shi lokacin layinmu ba a haɗe yake da na kudu ba. Da idona na ga wata ƴar ajinmu tana kuka a gaban firjin ɗakin gwaji, aikinta na wata biyu ya lalace a dare ɗaya saboda ba mai a janareto.

To da aka buɗe tashoshin sola na Marwa da Gidar a 2023, megawat 15 kowacce, sai muka ce shikenan ai, jami'a ta je ta sayi wutarta a can kawai. Muka rubuta takarda da zafinmu, muka tara sa hannu muka kai ofishin shugaban jami'a. Shiru har wata uku.

Wani dattijo mai gyaran wutar makaranta ne ya zaunar da ni a gindin darbejiya yana goge hannu da tsumma, ya ce ɗana, wutar Gidar ba buhun gero ba ce da za a auno muku, duk cikin layi ɗaya take zuba ta gauraya da ta Lagdo, in an yanke unguwarku an yanke ku. Na ce to Baba mene ne mafita? Ya nuna min rufin laburare da baki.

Daga nan ne na fara gane yadda kuɗi ke tafiya a jami'ar gwamnati, abin da ba wanda ya taɓa koya mana a aji. Shugaban jami'a ba ya buɗe aljihun tebur ya ciro kuɗi, kasafin shekara sai majalisar gudanarwa ta zauna ta amince, mu kuwa mun kai takardarmu bayan an riga an rufe na shekarar. Sannan duk sayayyar da ta kai sefa miliyan 5 sai ta bi dokar ba da kwangila, a yi sanarwa, kwamiti ya tantance, abu ya ɗau watanni. Wallahi da farko na ɗauka wulaƙanci ne kawai, daga baya na ga cewa mu ne ba mu san ƙofar ba, ko da yake har yau ina ganin kamata ya yi a riƙa faɗa wa ɗalibai lokacin zaman nan tun da wuri.

Sai muka rage buri. Muka zauna da wani malaminmu na fiziks muka lissafa fitilu da fankoki da kwamfutoci na ɗakin karatu ɗaya tak da firjin nan, awa nawa kowanne ke ci, muka haɗa da rasit ɗin man janareto na shekara, wanda shi ne ya fi jan hankalin mai kula da kuɗi, muka miƙa ta hannun shugaban tsangaya kafin zaman kasafi na gaba. Aka amince.

Inda muka yi kuskure shi ne batir, mun matse shi dan kuɗin ya yi ƙasa, yanzu wajen sha ɗayan dare yake ƙarewa alhali lokacin jarrabawa a nan karatu ke daɗi. Kuma ba mu sa kuɗin wanke faifan sola a lissafi ba, da hunturu ya zo ƙura ta rufe faifan har wutar ta ragu sosai. Yanzu duk Asabar da asuba, kafin gilashin ya yi zafi, mu biyu muke hawa da bokiti da tsumma, Baba na riƙe mana tsani.