Dala ɗari biyu da ta koma miliyan

Ni ba injiniya ba ne. Malamin makaranta ne a Tawa, sai dai da dare, in yara sun kwanta, nakan buɗe tsohuwar kwamfutata in yi wasa da Python, wani harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 mataimakan nan masu ƙirƙirarriyar basira suka yawaita. Na gwada biyu ko uku, na tsaya kan wanda ba ya cinye mini kuɗin intanet.

Aikin farko na gaske uwargida ce ta kawo shi. Ita ce uwar adashe a unguwarmu: mata 12, zubi duk Lahadi, littafinta kuwa ya sha ruwa ya sha mai. Na ce bari in rubuta mata ɗan shirin da zai nuna wadda ta zuba, wadda ke bin bashi, da wadda kwasa ta zo kanta. Na yi wa mataimakin bayani da Hausa, yadda muke magana: kowace mace tana zuba dala ɗari biyu. Kafin shayina ya huce ya rubuto shirin, ya kuma tashi ba tangarɗa. Sai dai jimlar mako ta haura miliyan.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in haka adashen yake, ai da tuni na tafi Makka."

Ashe ya ɗauka dalar Amurka nake nufi, ya juya ta zuwa sefa. Mu kuwa a Nijar dala tamma biyar ce, wato sefa biyar, dala ɗari biyu jika guda, kwasar mako jika 12. Abin da ya ba ni haushi, bai tambaye ni ba, ya bayar da amsar da ƙarfin gwiwa kamar dillalin albasar Galmi. Layi ɗaya ne gyaran, a ninka da biyar. Daga ranar, kafin in nemi komai sai na ba shi misali guda da na lissafa da hannuna, in ce shirin ya fitar da wannan tukuna.

Da bazara, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa, shi ya fahimtar da ni batirin solarmu. Bolt 12 sau amfiya 100 ya ba da wat 1,200 na awa guda, amma batir mai ruwa rabi kawai ake ja, wato 600, in ana son ya daɗe. Fanka mai wat 40 a awa takwas ta ci 320, ragowar ba ya ɗaukar talabijin har asuba. Na sake bin lissafin a takarda, ya yi daidai.

Wasiƙun Faransanci na ofis ma yana gyara mini, ko da yake yakan cika ladabi har ya gundura. Sunayen matan adashe dai ban taɓa ba shi ba. Lambobi na sa musu, uwargida ce lamba ɗaya.